INSHORAR TSOHUWAR MOTA A HANNUN SAURAYI: DARASI DAGA INGILA

A gidajen sarauta da na attajirai da dama a ƙasar nan ba a rasa wata tsohuwar mota da aka jingine a rumfa, aka lulluɓe ta da tamfol. Wata Marsandi ce ta zamanin kakanni, wata kuwa Fijo ce irin waɗanda masana'antar Kaduna ta soma haɗawa cikin 1975. Yaran gida suna tasowa suna kallonta, har ran da ɗayansu zai sami lasin, ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa ya roƙi mabuɗi. Haka kuma samarin da a ke aikawa karatu Ingila su kan ga irin waɗannan motoci a can, su yi sha'awa, su aiko gida neman kuɗin saye. Kafin uba ya amsa, lalle ne ya san wanda zai biya diyya ran da yaron ya buge mutum a hanya.

An shirya wannan darasi domin Hakimai da malamansu, saboda su ne iyaye ke fara tunkara da irin wannan magana, kuma gabansu a ke zuwa neman sulhu in hatsari ya auku. An ɗauki misalin Ingila ne don dalili biyu. Na farko, daga can aka samo tsarin dokar inshorar mota ta Nijeriya. Na biyu, a can ne sana'ar yi wa tsofaffin motoci inshora ta zauna da gindinta, har ta sami ƙa'idodi sanannu.

1. MA'ANAR INSHORA

Inshora yarjejeniya ce tsakanin mai mota da kamfani. Mai mota ya biya kuɗi kaɗan kowace shekara, kamfani kuma ya ɗauki alkawarin biyan babbar asara in ta faɗo. Tushen abin shi ne gudummawa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙaddara masu mota 1,000 sun zuba fam 100 kowannensu, an tara fam 100,000. In cikin shekara mutum goma suka yi hatsari, asarar kowanne ta kai fam 8,000, sai a biya fam 80,000 daga asusun, saura ya tafi ga albashin ma'aikata da ribar kamfani.

Daga wannan lissafi za a gane cewa kamfani ba ya yanka wa mutum kuɗi da ka. Abu biyu ya ke aunawa, watau kusancin mutum da hatsari, da kuma girman asarar in hatsarin ya auku. In aka sami wani rukuni na direbobi da hatsarinsu ya ninka na sauran, tilas kuɗinsu ya ninka, in ba haka ba asusu ya karye. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe mabuɗin darasin duka.

Inshorar mota iri uku ce. Ta farko ita ce ta mutum na uku. Mai mota shi ne na ɗaya, kamfani na biyu, wanda aka yi wa rauni ko ɓarna shi ne na uku, kuma shi kaɗai a ke biya. Ta biyu ta haɗa wannan da gobara da sata. Ta uku ita ce cikakkiya, wadda ta ke biyan gyaran motar mai inshorar ko da shi ne da laifi.

2. ABIN DA DOKAR INGILA TA CE

Cikin 1930 Majalisar Ingila ta kafa dokar da ta wajabta wa kowane mai mota inshorar mutum na uku, saboda mutane da yawa su kan sami hukuncin diyya a kotu, amma a tarar direban ba shi da abin biya. Cikin 1946 kamfanonin suka kafa wata hukuma ta haɗin gwiwa mai biyan waɗanda direba marar inshora ya raunata. Kuɗinta kuwa daga aljihun masu biyan inshora na gaskiya ya ke fitowa.

Yaro yana iya samun lasin mota a Ingila yana ɗan shekara 17. Wanda 'yan sanda suka kama yana tuƙi ba inshora, a kan ci shi tarar fam 300, a kuma rubuta masa maki shida na laifi a lasinsa. In magana ta kai kotu, tarar ba ta da iyaka, kuma ana iya ƙwace motar a rugurguza ta. Ga sabon direba abin ya fi muni, domin dokar 1995, wadda ta soma aiki cikin 1997, ta ce duk wanda ya tara maki shida cikin shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi, an soke lasinsa, sai ya sake jarrabawa daga farko. Ke nan laifi ɗaya tak na rashin inshora ya isa ya raba saurayi da lasinsa. Bugu da ƙari, tun 2011 ko motar da ke ajiye sai an yi mata inshora, sai fa in mai ita ya sanar da hukuma cewa ya janye ta daga hanya.

3. DALILIN ARAHAR INSHORAR TSOHUWAR MOTA

Ba kowace kwaraɓaɓɓiyar mota ba ce Turawa ke ɗauka da daraja. Wadda a ke nufi ita ce wadda aka daina ƙera irinta, aka adana ta, har ta zama abin tarihi. Gwamnatin Ingila tana yafe harajin mota ga wadda ta shekara 40 da ƙerawa, kuma tun watan Mayu na 2018 aka ɗauke mata gwajin lafiya na shekara-shekara, muddin ba a yi mata babban canji ba cikin shekara 30 da suka wuce. Amma fa ba a ɗauke mata inshora ba. Su kuwa kamfanoni kowanne da ma'auninsa, waɗansu su kan karɓi mota daga shekara 15, waɗansu sai ta haura 20 ko 25.

Inshorar irin wannan mota ta kan fi ta sabuwa araha ƙwarai, amma da sharuɗɗa. Ga manyan cikinsu:

(a) A ƙayyade tafiyar shekara, misali mil 1,500, ko 3,000, ko 5,000.

(b) Motar ta kwana a gareji mai makulli, ko wani wuri amintacce.

(c) Mai ita ya kasance yana da wata motar ta zuwa aiki da kasuwa.

(d) Direba ya kai shekarun da kamfani ya yanka, galibi 25, wani lokaci 21.

Akwai kuma wata fa'ida da ta keɓanta da wannan inshora, watau daidaita ƙima tun farko. A inshorar yau da kullum, in mota ta ƙone, kamfani zai biya abin da ta ke yi a kasuwa ran nan, wanda raguwa ya ke yi kowace shekara. Tsohuwar mota mai daraja kuwa ƙimarta tsayawa ta ke yi, ko ta hau. Saboda haka mai ita ya kan aika hotunanta da takardun gyaranta, a zauna a daidaita kuɗinta, a rubuta a takarda, don kada a yi jayayya ran asara.

In aka dubi sharuɗɗan nan da kyau, za a ga cewa arahar daga halin mai motar ta ke fitowa. Kamfani yana hango dattijo ne mai fito da motarsa ran hutu, ya tafi a hankali, ya komo kafin magariba, ya goge ta ya kulle. Tsufan ƙarfen shi kaɗai ba ya rage ko kwabo.

4. DALILIN TSADAR INSHORAR SAURAYI

Saurayi ɗan shekara 17 ko 18 kishiyar wancan dattijo ne. Ba shi da wata mota, saboda haka da ita zai je makaranta da wurin aiki, rani da damina. Bai goge da hanya ba, bai iya hango hatsari tun daga nesa ba, ya kan yi tuƙin dare, kuma ya kan cika mota da abokai masu zuga shi ya taka. Ƙididdigar Ma'aikatar Sufuri ta Ingila ta nuna cewa direbobi maza 'yan shekara 17 zuwa 24 sun ninka waɗanda suka kai 25 sau huɗu wajen mutuwa ko mummunan rauni a hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana cikin 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a hanyoyin duniya kowace shekara, kuma hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. A dā 'yan mata su kan biya ƙasa da samari, amma daga Disamba 2012 aka hana kamfanoni bambanta kuɗi tsakanin namiji da mace.

Iyaye da yawa su kan yi mamaki in suka ga kuɗin inshorar shekara ɗaya ya fi kuɗin motar kanta. Dalili shi ne, ran ɗan Adam kamfani ya fi jin tsoro. Mota ta fam 2,000 tana iya gurgunta matashi, ya zama sai an yi jinyarsa har ƙarshen ransa, diyyar kuwa ta kai miliyoyin fam. Dokar Ingila ba ta sa iyaka ga diyyar rauni ko rai ba.

Sa'an nan ita kanta tsohuwar motar tana ƙara nauyin lissafin. Ba ta da jakar iska mai tare ƙirjin direba, birkinta ya kan ƙame a kan jiƙaƙƙiyar hanya, kuma waɗanda aka ƙera kafin 1965 da yawansu ba su da ko bel na ɗamara. Makullinta ba ya ba ɓarawo wahala. Mutane su kan ce motar dā ta fi ƙarfi saboda kaurin jikinta, amma gwaji ya ƙaryata wannan. Cikin 2009 cibiyar binciken hatsari ta kamfanonin inshora na Amurka ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 karo da Chevrolet Malibu ta 2009. Mazaunin direban tsohuwar ya murƙushe, na sabuwar kuwa ya tsaya da siffarsa.

5. HANYOYIN HALAL NA RAGE KUƊI

Duk da haka ƙofa ba a rufe ta ke ba. Kowace hanya ta gaskiya manufarta ɗaya ce, watau saurayi ya nuna wa kamfani cewa ya matso kusa da halin dattijon nan.

Na ɗaya, ya zaɓi mota mai ƙaramin inji wadda kayan gyaranta ba su da wuyar samu, kamar Morris Minor, wadda aka ƙera daga 1948 zuwa 1971, ko Mini, wadda ta fito cikin 1959, ko Volkswagen Beetle. Kuma ya tambayi kuɗin inshora kafin ya biya kuɗin mota. Da yawa sun saya tukuna, daga baya suka tarar ba kamfanin da zai karɓe su.

Na biyu, ya bar motar yadda aka ƙera ta. Ƙara wa inji ƙarfi ko sauya ƙafafu yana ɗaga kuɗi, kuma kowane canji sai an faɗa wa kamfani.

Na uku, ya shiga ƙungiyar masu irin motarsa. Kusan kowace tsohuwar mota a Ingila tana da ƙungiya, kuma akwai dillalan inshora na musamman masu sassauta wa 'yan ƙungiya, har waɗansu su kan karɓi matashin da manyan kamfanoni suka ƙi. Irin wannan ciniki ya fi kyau a yi shi baki da baki ko ta tarho, domin shafunan intanet masu kwatanta farashi ba su cika sanin darajar tsohuwar mota ba.

Na huɗu, ya yarda da ƙayyade tafiya, ya sami gareji, ya sa makulli a sitiyari.

Na biyar, ya yarda a maƙala wa motar na'urar da a ke kira baƙin akwati. Wannan tana rubuta gudunsa, da yadda ya ke taka birki, da lokacin da ya ke fita, ta aika wa kamfani. Mai natsuwa a rage masa, mai ganganci a ƙara masa ko a soke inshorarsa. Sai dai waɗansu motocin dā wayoyin lantarkinsu ba su dace da ita ba, don haka a tambaya tun farko.

Na shida, ya yi ƙarin horon da a ke kira Pass Plus, na awa shida a ƙalla, wanda ya haɗa da tuƙin dare da na manyan hanyoyi. Waɗansu kamfanoni su kan yi rangwame saboda shi.

Na bakwai, ya ɗauki nauyin biyan kason farko na kowace asara daga aljihunsa. Gwargwadon girman kason, gwargwadon raguwar kuɗin shekara. Amma kada ya yi alkawarin abin da ba zai iya fitarwa ba ran da aka nema.

Na takwas, ya sa sunan mahaifinsa ko mahaifiyarsa a takardarsa a matsayin direba na biyu, in har su kan tuƙa motar wani lokaci. Wannan halal ne, kuma ya kan sauke kuɗi.

Na tara, wanda ya fi duka, shi ne haƙuri. Kowace shekara da direba ya yi bai nemi diyya ba, kamfani ya kan yi masa rangwame, rangwamen kuma yana taruwa. Inshorar tsohuwar mota ba ta cika tara wannan rangwame ba. Saboda haka dabarar da ta fi ita ce saurayi ya soma da ƙaramar mota ta yau da kullum, a yi mata inshora da sunansa, ya tara shekarun tuƙi lafiya. Tsohuwar kuwa a janye ta daga hanya, a yi mata 'yar inshorar gobara da sata, ya riƙa gyaranta a gareji. Ran da ya kai shekarun da a ke nema, zai sami arahar da ya ke so, ga shi kuma ya san motarsa ciki da waje. Sannu ba ta hana zuwa.

6. HANYOYI BIYU NA ƁATA

Ta farko ita ce fakewa da sunan uba. Uba ya rubuta cewa shi ne babban direban motar, ɗansa kuwa mai taɓawa ne jifa-jifa, alhali kuwa ɗan ne ke tuƙa ta kullum. Iyaye su kan ɗauki wannan taimako ne, amma a dokar Ingila zamba ce. Dokar 2012 ta ba kamfani ikon soke yarjejeniya, ya ƙi biyan diyya, ya kuma riƙe kuɗin da aka biya, in ya tabbata da gangan aka yi masa ƙarya. In yaron ya raunata wani, kamfani yana iya biyan wanda aka raunata, sa'an nan ya komo ya bi uba da ɗa bashin. Gano gaskiya kuwa ba wuya, domin masu bincike za su ga a ƙofar makarantar yaro motar ke wuni, a garin da ya ke karatu ta ke kwana. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan haka, duk kamfanin da suka tunkara zai tambaye su ko an taɓa soke musu inshora.

Ta biyu ita ce sayen takarda daga dillalan ƙarya. Waɗannan su kan yi talla ta wayar hannu, su nemi ɗalibai da baƙi musamman, su sayar musu da takardar jabu, ko su yanki ta gaskiya da bayanan ƙarya, ko su soke ta bayan sun karɓi kuɗi. Mai saye ba ya ankara sai ran da ɗan sanda ya tsai da shi.

7. YADDA ABIN YA KE A NIJERIYA

Cikin 1945 aka kafa dokar inshorar mutum na uku a Nijeriya, ta soma aiki cikin 1950, sa'an nan cikin 2025 aka shigar da ita cikin sabuwar dokar inshora ta ƙasa. Ba a ba da lasin mota sai ga wanda ya cika shekara 18. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, watau NAICOM, wadda aka kafa cikin 1997, ita ce ke yanka farashi. Daga 1 ga Janairu 2023 ta ɗaga kuɗin inshorar mutum na uku na motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga diyyar dukiyar da aka lalata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka tsananta binciken wannan takarda a hanyoyi.

Bambanci da Ingila a nan shi ne, kuɗin mutum na uku ɗaya ne ga saurayi da dattijo, ga tsohuwar mota da sabuwa. Ke nan saurayin ƙasar nan ba shi da uzurin tsada. Abin da ya fi cutar mutane shi ne takardar jabu da 'yan baranda ke sayarwa a bakin ofisoshin lasin. Maganinta kuwa sauƙi gare shi, domin kamfanonin inshora suna da rumbun bayanai na haɗin gwiwa, inda kowa ke iya sa lambar mota ta wayar hannu ya ga ko inshorar ta gaskiya ce.

Wanda ke son cikakkiyar inshora, hukumar ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na ƙimar motar. Motar da aka ƙimanta naira miliyan 4 za ta biya naira 200,000 a ƙalla. A nan ne darasin Ingila ke da amfani: a tambaya tun farko ko kamfanin yana karɓar mota mai irin shekarunta, a daidaita ƙimarta a rubuce, a kuma faɗi sunan wanda zai riƙa tuƙa ta da shekarunsa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da inshorar yau da kullum ba saboda addini, akwai takaful, wadda aka gina bisa taimakon juna ba tare da riba ba. Hukumar ta fitar da ƙa'idodinta cikin 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasin yin ta.

8. AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

In uba ya zo ya ce, "Ranka ya daɗe, yaro ya matsa mini a kan motar kakansa, me ka gani?" ga abin da ya kamata a bi:

(1) A tambayi shekarun yaron, a kuma ga lasinsa da ido. Takardar inshora ba ta rufa wa direba marar lasin asiri.

(2) Malamin Hakimi ya duba takardar inshorar, ya gwada lambar motar a rumbun bayanai kafin ya ce ta yi.

(3) A kai motar wurin makanike amintacce ya duba birki da tayoyi da fitilu, a sa mata bel in ba ta da shi.

(4) In yaron a Ingila ya ke, a gargaɗi uba kada ya yarda a rubuta sunan wani babba a matsayin babban direba, kuma kada a aika kuɗin mota sai an ji kuɗin inshora.

(5) In hatsari ya auku, a sanar da 'yan sanda da kamfani nan da nan, kafin a zauna sulhu. Alkawarin diyya da aka yi ba da sanin kamfani ba yana iya sa ya janye hannunsa.

(6) Hakimi ya soma da gidansa. Talakawa suna kallon motocin da ke fita daga ƙofarsa, da kuma wanda ke riƙe da sitiyari.

Wanda mota ta buge a gefen kasuwa galibi talaka ne, mai iyali a bayansa. Takardar inshora ta gaskiya ita ce ke sa a sami abin biyan asibiti da abin ciyar da 'ya'yansa, ita ce kuma ke hana a sayar da gonar gado don biyan diyya. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Waɗanne abubuwa biyu kamfani ke aunawa kafin ya yanka kuɗin inshora?

2. Wane ne mutum na uku?

3. Don me inshorar tsohuwar mota ke da araha ga dattijo, amma ta yi wa saurayi tsada?

4. Mene ne bambanci tsakanin sa sunan uba a matsayin direba na biyu, da fakewa da sunansa?

5. Motar da aka ƙimanta naira miliyan 6, nawa ne mafi ƙarancin kuɗin cikakkiyar inshorarta?

6. Ta yaya malamin Hakimi zai gane takardar jabu?